Sanduna Uku a Ƙofar Gidanmu

Ƙanwar mijina, Bu Ok-ran, tun da na san ta aikinta ɗaya ne: ta tashi da safe, ta tafi ofis, ta wuni tana lalata wutar lantarkin tsibirinmu. A cikin kwamfuta take ɓarnar, ba a fili ba. Za ta tsinke babbar wayar da ta bi ta gefen dutse, ta zuba ido ta ga ko sauran za su ɗauki nauyin. Ta mayar da ita, ta kashe babban injin bakin teku, ta sake zuba ido. Ta jefa tsawa a nan, ta kayar da turke a can. Idan wutar ta yi tangal-tangal ta miƙe, sai ta wuce gaba. Idan kuwa ta kife, ranar babu mai ganin haƙorinta har sai ta gano abin da za a gyara.

A dangi babu wanda ya fahimci wannan aiki. An dai san tana ofishin wuta, don haka duk wanda ƙwan ɗakinsa ya mutu ita yake kira, alhali ko kan kujera ta hau jiri take ji. Mace ce gajera, mai saurin tafiya, ba ta iya hira ba, kuma ba ta iya ƙarya ba, wanda a tsibiri irin namu da kowa ɗan uwan kowa ne babbar naƙasa ce. Itatuwan lemon mahaifinsu ne suka kai ta jami'a a tudu, wato can ƙetaren teku. Yayanta Man-seok, mijina, shi ya bar makaranta ya tsaya yana yi musu taki da feshi. Bai taɓa yi mata gori ba, amma bai manta ba, ita ma haka.

Ni kaɗai ta taɓa yi wa bayani na gane, muna zaune muna ɓare tafarnuwa. Ta ce in tuna yadda iyayenmu mata suke lugude, mutum uku a turmi ɗaya, taɓarya na sauka wata na tashi. Ta ce manyan injinan da ke ba mu wuta haka suke juyawa, a kan kiɗa ɗaya. Idan waya ta tsinke ko tsawa ta faɗa, kamar an bangaji masu dakan ne. Abin tambaya shi ne, bayan bangazar za su komo kan kiɗan, ko taɓare za su yi karo kowa ta watse. Ta ce duk albashinta a kan wannan tambaya take cin sa.

Da gwiwoyin Man-seok suka fara ciwo, lemo kuma ya zube a kasuwa, ya sare gonar bayan gida ya shimfiɗa faifan sola. Sai da ya nemi shawararta, ta ce abu ne mai kyau, kuma har gobe ba ta janye ba. Itace ɗaya ya bari a jikin katanga, wanda mahaifinsu ya dasa da hannunsa. Manoma da yawa suka bi sahunsa, suka kafa ƙungiya, suka ɗora shi shugaba, don mutum ne mai murya da kafiya. Ya fara sa hular fita ko da shago zai je.

Wata Lahadi da bazara, da tsakar rana, iska ta yaye ledar rumfar wani manomi ta naɗe ta a kan babbar waya. Ina guga a lokacin. Ƙwan ɗaki ya ƙifta, tukunyar shinkafa ta yi ƙara, shi ke nan, na ci gaba da gugata. Ashe a ofishinsu Ok-ran mutane sun miƙe tsaye. Kowace gonar sola tana da akwati a gefe, shi ke miƙa wutarta ga waya, kuma tsofaffin akwatunan an yi su ne da tsoro: da zarar sun ji girgiza sai su saki layi su tsira da kansu. Ranar duk suka saki a tare, daga gabas har yamma. Ga shi ranar hutu ce, ba zafi ba sanyi, masana'antu a rufe, an kashe yawancin manyan injina saboda rana ta wadatar. 'Yan kaɗan da suka rage suna juyawa su suka riƙe tsibirin da ƙyar.

Ok-ran ta ɗauki abin da ya faru ta maimaita shi a kwamfuta, amma ta sa shi a ranar bikin kaka, ranar da kowa ke gida gaban teburin da ake jera wa kakanni abinci kuma ko injin niƙa ba ya motsi. Wutar ta kife. Ta juya lissafin ta kowace fuska, wutar dai ta kife. Asibiti, famfunan ruwa, tafkunan kiwon kifi da ke numfashi da lantarki, duk a duhu. Magani biyu ta kawo. Na farko, a irin waɗannan ranaku a riƙa kashe wasu gonakin don a bar manyan injina suna juyawa. Na biyu, a shiga kowace gona a gyara akwatinta, ya koyi daurewa na ƙiftawar ido. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ta ce lallai a ci ƙarfin aikin kafin bikin.

Ofis ya aika saƙonni, babu wanda ya kula. Sannan aka fara kashe gonaki, kuma tamu tana cikin na farko, don akwatinmu ya fi na kowa tsufa. A wurinmu, in kana da naka a ofis inuwa gare ka. Ba a roƙa ma, shi ya san abin da ya kamata. A taron ƙungiya wani ya tambayi Man-seok, cikin dariya, ko ƙanwar tasa riƙo aka ba su. Ya dawo gida fuska kamar an shafa barkono, ya kira ta a waya. Ina jin muryarta tana cewa eh, ita ta yi lissafin, kuma ko gobe aka sake haka za ta yi. Ya ajiye wayar. Ya fita ƙofar gida ya ɗora sanduna uku.

A lungunmu har yanzu ba mu sa ƙyaure ba. Ginshiƙan dutse biyu ne, kowanne da huda uku. In ka ga sanda ɗaya a gicciye, masu gida suna nan kusa. Biyu, sai yamma. Uku, sun yi tafiya mai nisa, kada ka tsaya. Yaro ma zai iya tsallakewa, amma ni tunda aka haife ni ban ga wanda ya tsallake ba. Hanyar gonar solarmu kuwa ta tsakar gida ta bi.

Ok-ran ta zo da shugabanta, Manaja Pyo, ɗan tudu ne, da mai gyara ɗauke da jaka. Ina leƙensu ta taga. Manajan ya dubi sandunan, ya dubi hayaƙin da ke tashi a madafata, ya ce ai doka ta ba su damar duba akwati, ya ɗaga ƙafa. Ok-ran ta riƙe masa hannun riga.

“Ranka ya daɗe, masu gidan ba sa nan.”

Ya ce ga takalmin mutum can a bakin ƙofa. Ta ce ta gani, amma ba sa nan. Ta ƙara da cewa in ya tsallake yau zai gyara akwati ɗaya, sauran kuma sai dai jikokinsa su gyara. Ya mayar da ƙafarsa ƙasa yana gunaguni, suka juya.

Daga nan ta ajiye saƙon ofis ta kama hanya, tunda zumunci a ƙafa yake. Matar da ba ta son taro ta zama ba a biki ba a zaman makoki sai da ita. Ta ɗaura zanen aiki ta shiga madafa, tana wanke kwanuka tana yi wa matan manoma bayanin lugude. Ta zauna gaban tsofaffi ta sha zagi, wani ya ce mata 'yan tudu sun saye ta, wani ya ce ta ci lemon tsibiri ta koma tana jifan itacen. Ta rame, idonta ya faɗa. Na tausaya mata ƙwarai, kuma na ji haushinta, don da ta iya ɗan lanƙwasa harshe da tuni an wuce wurin. Da yawa sun gamsu, amma amsarsu ɗaya ce: in shugaba ya buɗe tasa, su ma za su buɗe. Duk hanyar da ta bi, ƙofar gidanmu take dawo da ita.

Duk ranar da ba ta aiki sai ta zo. Ta tsaya a waje ta ce, “Yaya, na zo,” ta zauna a kan dutse. Shi kuma yana ciki ya rage muryar talabijin, ya ƙura wa bango ido. Ni nakan miƙa mata shayin sha'ir ta saman katanga. In ta shanye ta miƙo kofin, ta ce in gaishe shi idan ya dawo.

Da yake bai san ranar zuwanta ba, sai ya bar sandunan dare da rana. A nan ya ɗebo da zafi. Goggonsu Gap-sun, tsohuwar da ta wuce tamanin tana sana'ar nutso a teku har ƙafa ta hana ta, ita ta bi gida-gida tana cewa tunda Man-seok ya ce ya yi tafiya, a gaskata shi, ɗan mutunci ba ya ƙarya da ƙofarsa. Lungu kuwa ya ɗauka. Maƙwabta suka yi sadakar tunawa da mamacinsu, aka raba waina da kifi gida-gida, aka wuce mu. Abokinsa mai jirgin kamun kifi ya zo da sabon kamu, ya ga sanduna, ya kai wa na gaba. Abokan wasansa suka daina kiransa. In sun gamu da shi a hanya sai su tambaye shi yaushe ya sauka, ya hanya, ya mutanen can.

Ni ce na fi shan wuya. Ba zan tsallake ƙofata ba mutane na kallo, don haka ta katangar baya nake haurawa in je kasuwa, da shekaruna, har na yage wando. Na ce masa fushinsa ya zama fushin kaza, a kanmu yake ƙarewa. Ya ce in ina so in sauke da kaina. Na ce wanda ya ɗora shi zai sauke, ni ban yi tafiya ba balle in dawo. Gaskiya hannuna ya yi ƙaiƙayi ba sau ɗaya ba, amma na san in ni na sauke, Ok-ran ba za ta shigo ba.

Haka muka kai ranar yankan ciyawar kaburbura, wadda ake yi gabanin bikin kaka. Mu nan ana cewa in ka tsallake sadakar mamaci babu mai sani, amma in ka bar kabarinsa cikin ciyawa kowa zai gani. Dangi kaf suke fita, har na tudu suna hayowa. Man-seok bai gaya wa Ok-ran lokaci ba. Da muka isa maƙabartar mun tarar ta riga mu, da lauje a hannu, ta ci rabin ciyawar kabarin mahaifiyarsu. A jeji babu inda zai ɗora sanda. Ya shiga ɗaya gefen ya fara yanka, ba gaisuwa. Goggo Gap-sun ta hau katangar kabarin ta zauna, ta ce maraba da matafiyi.

Sun jima suna yanka, lauje na matsowa kusa da lauje, kafin ya yi magana ba tare da ya ɗago ba.

“In na bari aka taɓa akwatin, za ki daina kashe min gona?”

Na yi roƙo a zuci ta ce eh, ko da sau ɗaya a rayuwarta.

“A'a, Yaya. Zai ragu, amma ranar bikin nan ma sai na kashe.”

“To me zan samu?”

“Babu abin da za ka gani. In ya yi aiki, ba za ka ga komai ba.”

Ya yi wata dariya mara daɗi. Ya ce shi ya yi wa itatuwa bauta ta yi karatu, ga shi karatun ya koya mata sayar wa yayanta babu. Ta ajiye laujen. Ta tambaye shi ko ya tuna ɗan yatsan Inna, wanda ya karkace. Kowa a dangi ya san labarin: ana luguden gero na wani biki, taɓarya ta sauka a hannun surukata, ba ta saki ba, ta ci gaba da daka har waƙar ta ƙare, don in ta saki a tsakiya sauran biyun za su farfasa wa juna hannu.

“Akwatinka ana taɓa shi yake yar da taɓarya ya gudu,” in ji Ok-ran. “Ba ƙwace maka shi zan yi ba. So nake ya koyi halin Inna.”

Ya ce kada ta sake ta sa Inna a maganar ofis. Goggo Gap-sun ta ce daga kan katanga ai ita ce ta bugi yatsan, kuma har yau tana jin kunya, amma ta fi jin kunyar ɗan da matar ta haifa ya koma yana ɓuya a bayan sanda kamar akuya. Dangi suka sunkuyar da kai suna danne dariya. Man-seok ya gama gefensa, ya durƙusa ya yi gaisuwa ga kabarin, ya daɗe goshinsa a ƙasa fiye da yadda aka saba. Muka sauko gida.

Sandunan ba su sauka washegari ba, kada ku ɗauka mijina mai sauƙi ne. Sai da aka kwana biyu. Na fito da safe zan haura katangata, na hango su a jingine a gefe. Yana tsakar gida yana wasa lauje da ba ya buƙatar wasawa. Ya ce kafaɗarsa ce ke ciwo, ya gaji da ɗaga su, kuma kada in yi masa surutu. Na yi shiru, wanda a wurina babban aiki ne.

Da hantsi ta iso da mai gyara. Ta ga ƙofa a buɗe amma ta tsaya a inda ta saba tsayawa.

“Akwai mutane a gida?”

“Ba ki da ido ne?” in ji shi.

Ta shigo. Gyaran bai kai dahuwar shinkafa ba, abin da ya ci mana bazara da damina. Shi da kansa ya riƙe wa mai gyaran murfin akwati, yana faɗa masa yadda ake kwance ƙusa kamar ya fi shi sani. Da yamma ya sa hularsa ya tafi ƙungiya. Ban san me ya faɗa musu ba, amma daga ranar motar ofis ba ta huta ba, Ok-ran a gaba tana nuna lungu. Ba a gama duka ba kafin bikin, an dai ci mafi yawa. Kullum in ta koma ofis sai ta sake jefa wa tsibirin tsawa a kwamfuta, har ranar da ta ga ya yi tangal-tangal ya miƙe.

Ranar bikin kaka rana ta fito fes, irin wadda mai sola ke mafarki, kuma kamar yadda Ok-ran ta faɗa, ta kashe gonarmu. Ita tana ofis. Muka jera abinci a teburin kakanni, aka yi gaisuwa, aka zauna ci. Man-seok ya kunna ƙwan falo da rana tsaka, abin da ya saba yi mana faɗa a kai. Yana ci yana ɗaga kai yana kallonsa. Ƙwan bai ko ƙifta ba.

Da baƙi suka ragu ya ce in zuba miyar kifi da waina a kwano mai murfi. Ya zaga jikin katanga ya tsinko lemo daga itacen mahaifinsu, ɗanye shar, ko nuna bai fara ba, ya cusa a aljihu. A ƙofa ya tsaya ya ɗora sanduna biyu, muka hau mota.

Ba a shiga ɗakin aikinsu, sai ta fito ta same mu a bakin ƙofa, gashi a hargitse. Ya miƙa mata kwanon, ya ɗora lemon a kai, yana kallon wani wuri. Sannan ya tambaye ta ya wutar.

Ta ce da tsakar rana, daidai lokacin da mutane ke gaban teburi, reshe ya faɗa a kan babbar wayar gabas, ta fita daga layi. Akwatunan sun daure.

Na san ƙwan falonmu yake tunawa.

“Ni ban ga komai ba,” ya ce.

“To,” in ji Ok-ran.

Ta rungume kwanon a ƙirji, ta juya fuskarta ga bango, kafaɗunta na motsi. Shekara talatin ina gidan nan ban taɓa ganin kukanta ba, ko ranar da aka binne Inna. Man-seok ya cire hularsa, ya rasa inda zai sa ta, ya ce mata ta ci tun miyar da zafi.